Kan da Aka Ɗura wa Gero

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin rakiya da share hawaye a Gagarawa Tasha ba, duk wanda ya taɓa barin gida ya san wannan. Zan fara daga safiyar da jirgin ruwa ya sauke ni a gaɓar Ingila, ina tangaɗi saboda makonnin da na yi ina kelaya amai a teku.

Ni Iliyasu ɗan Liman na Ɗanzomo, wanda ya yi Midil ya yi Kwaleji ya koyar a Gumel, wanda ake cewa idonsa ya buɗe, ƙafata ba ta gama sanin ƙasa ba aka yi mini sakiyar da ba ruwa. Wani Bature mai hula da lamba a goshi ya rusuna, ya kira ni yallaɓai da harshensu, ya saɓi akwatina na ƙarfe. Kai! Bature fa, ɗauke da kayana! A ƙasarmu ko hularsa wani ke riƙe masa. Na bi shi ina ƙasaita, ina cewa a raina ina ma mutanen Gumel suna nan su gani. Ya sha kwana bayan wani tarin buhuna, na sha kwana, ko ƙeyarsa ban gani ba. Bargona, rigunana, kilishi, kuka, daddawa, yajin da Inna ta daka da hannunta, duk sun bi shi. Aka bar ni da 'yar jakar takardu da farin rawanin da Baba ya ba ni. Ɗan sandan da na kai wa ƙara ya dube ni da tausayi ya ce ba a ba wanda ba a sani ba kaya. Na ce masa to ni a nan wa na sani?

Abin da ya kai ni shi ne karatun sanin ɗan Adam da al'adunsa, babbar takarda wadda ake yi bayan digiri. Ni ba ni da digiri. Wani shehun malami Bature da muke kira Mai Lofe, don lofe ba ya barin bakinsa, shi ya taɓa zuwa ƙasarmu, aka ba shi ni tafinta. Muka zaga Maigatari da Sule Tankarkar da ƙauyukan Gagarawa yana tambayar wa ke gadon gona, me ya sa uwa ba ta faɗin sunan ɗan fari, tsagar nan ta su waye. Da zai koma ya ce kaina na ja, ya tsaya mini har jami'arsu ta lissafa mini wannan yawo a madadin digiri, gwamnati ta biya. Lokacin ana ta zancen mulkin kai, ana neman 'yan ƙasa masu takarda. Kowa a Gumel ya riga ya yanka mini kujerar da zan hau in na dawo.

Neman ɗaki shi ne zango na biyu. Ka ga takarda a taga cewa akwai ɗaki, ka ƙwanƙwasa, a buɗe, a dubi fuskarka, ɗakin ya zama an kama shi ɗazu. Haka na wuni ina bin ƙofofi, ruwa na yayyafi irin nasu wanda ba ya zuba ba ya tsayawa. Wadda ta karɓe ni wata tsohuwa ce, Misis Barlo. Ita ma sai da ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Ka jiƙe. Shigo, sauran magana in ka bushe." Ta ba ni ɗakin ɗanta da kwat ɗinsa. Yaƙi ya cinye shi a teku, ko takalminsa ba a gani ba. Kwat ɗin ta yi mini yawa, hannuwanta har sun rufe yatsuna, a cikinta na yi sanyin farko.

Abinci kuwa, Allah ya isa tsakanina da kabeji. A dafa shi har ya mutu, a dafa dankali har ya mutu, ba gishiri ba yaji, a ce bismilla. Nama ba na ci don ban san wa ya yanka ba. Na rame har wuyan riga na yawo. Kewa kuma ba ta sallama. Ina zaune a aji sai in ji kamar amon taɓarya da hantsi, ko kukan raƙuma ranar kasuwar Maigatari, in duba taga, hayaƙin kwal ne kawai da rufin gidaje baƙi ƙirin.

A aji ni ɗalibi ne, ni ne kuma abin karatu. Da an zo kan baƙar fata sai Mai Lofe ya cire lofe ya nuna ni da shi. "Ku tambayi Iliyasu." Wata ta tambaye ni ko ina jin ciwon mutuwar ɗan'uwa kamar yadda suke ji. Wani ya roƙe ni, cikin ladabi wallahi, in bar shi ya auna faɗin hancina. Na ce to, in ya gama ni ma zan auna tsawon nasa, sai dai ban san ko igiyar za ta isa ba. Aka yi dariya, shi bai yi ba.

Ran nan ina ratsa kasuwar bakin tasha sai na ji an ɗura wa wani ashar da Hausa, irin ta mutanen Damagaram. Na tsaya cak. Wani dogon mutum ne baƙi, kwal ya ƙara masa baƙi, yana faɗa da amalanken da ƙafarsa ta maƙale. Na ce, "Salamu alaikum." Ya saki amalanke ya juyo, bakinsa a buɗe.

"Kai ɗan wane gari ne?"

"Ɗanzomo."

"La ilaha illallahu! Ni na sayar da jaki a Maigatari!"

Ya rungume ni har ya ɓata kwat ɗin ɗan Misis Barlo. Sunansa Maman, ana ce masa Sarja. Faransa ta ɗebe shi soja, yaƙi ya ƙare, ya bi jiragen ruwa yana zuba musu kwal, har ya maƙale a wannan gari. Shi ya nuna mini inda Larabawan jirgi ke yanka rago. Shi ya ga ina salla ya ce, "Ɗan Malam, wannan gabas ɗin naka na gida ne. Nan alƙibla ta karkata kudu. Me suke koya muku a lakwal ɗin, makarantar taku?" Watanni ina kallon inda ba nan ba. In na je ɗakinsa yakan tuƙa wani abu da garin alkama ya ce tuwo ne, mu ci muna yi wa juna ƙarya cewa ya yi daɗi.

Da na shiga shekarar ƙarshe aka kai mu ɓangaren awon ƙashi. Ɗakin yana ƙarƙashin ƙasa, kabad-kabad jere har bango, wani tsoho Mista Hobs ke tsaronsa. Manyan ɗalibai ana ba kowa mabuɗin ƙofa da na kabad guda, inda aka ware masa abin da zai auna. Aikin shi ne ka ɗauki ƙoƙon kan mutum, ka auna tsawo da faɗi da wani ƙarfe mai kama da awartaki, sannan ka toshe ramukan ido da auduga, ka kife shi, ka ɗura masa ƙwaya ta ramin wuya har ya cika, ka juye a kwalba ka ga yawan abin da ya ci. Ƙwayar da suke ɗurawa gero ce. Ranar da na tsoma hannu a buhun nan na ji sanyin gero a tafina, saura kaɗan in yi kuka.

Tun ranar farko raina bai so aikin ba, amma na daure. Na ce wa kaina waɗannan mutanen da ne, na wasu ƙasashe, ba a san addininsu ba. Na auna na farko, na auna na biyu. Na ɗauko wani mai ruwan ƙasa, haƙoran sama sun rage kaɗan, na kife shi a cinyata, na ɗura gero har ya kusa cika. Da na juya shi don in girgiza sai na ga rubutu da baƙar tawada a gefen goshi. Lamba, sannan: namiji, baligi, Maigatari.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Geron ya zube mini a ƙafa.

Na hau sama na sami Mai Lofe. Na ce, "Ranka ya daɗe, wannan daga ina?" Ya ce wani likita ne da ya zaga iyakarmu tun kafin a haife ni, shekarar wata babbar yunwa, ya tsince shi a bakin hanya, ya kawo wa jami'a kyauta. Har murna yake yi, ya ce da gangan ya sa mini shi a kabad, don ya san zan so in auna na ƙasarmu.

Na san yunwar. Kakata ba ta taɓa ba da labarinta ta kai ƙarshe ba. Mutane suka bar garuruwa suna bin hanya, suna tona gidan tururuwa don ƙwaya, wanda ya faɗi ba mai ƙarfin haƙa masa. Mijinta, mahaifin Baba, ya ɗauki taiki ya nufi Maigatari neman gero, bai dawo ba. Ban ce shi ne ba. Mutum nawa suka faɗi a hanyar nan, Allah kaɗai ya sani. Amma ko wane ne, Musulmi ne ɗan ƙasarmu, yunwa ta kashe shi yana neman gero, ga shi yau ana ɗura masa geron a ka ana juyewa, kuma da hannuna.

Ni ɗan liman ne. Tun ina ƙarami nake riƙe wa Baba buta in yana wankan gawa. Abin da ya koya mini shi ne binne Musulmi farilla ce a kan jama'a: in wani ya yi, ya ɗauke wa kowa, in ba wanda ya yi, duk wanda ya sani ya ɗauki zunubi. A duk faɗin garin nan, wa ya sani? Ni.

Na bi ta ƙofa tukuna, kada ku ce ban bi ba. Na roƙi Mai Lofe a ba ni shi in binne. Ya ce ya fahimta ƙwarai, har ya ce wannan ji da nake yi abin rubutawa ne, in sa shi a cikin kundina. Na ce ba rubutu nake nema ba, rami nake nema. Ya kai maganar gaban manya. Suka zauna, suka sha shayi, suka ce kayan ilimi ne, ba na mutum ɗaya ba ne, in aka buɗe wannan ƙofa gobe kowa zai zo neman kakansa. Na ce a raina, to da fa?

Jarrabawa saura 'yan watanni. Kundina ya kusa kammala. Na yi ta saƙa da warwara. In ce bari in karɓi takardata tukuna, sai in tuna ranar da zan karɓe ta ranar zan mayar da mabuɗi. In sauka ɗakin in ga wani ɗalibi ya are shi yana ɗura masa gero yana fito. Abinci ya daina wuce mini. Na faɗa wa Sarja. Ya ce mini:

"Ɗan Malam, na bar 'yan'uwa da yawa a fili, ba rami ba salla, muna gudu. Har yau suna zuwa mini. Kai ka kawo shi, haƙa tawa ce."

"Za su kore ni, Sarja."

"Za su kore ka," in ji shi.

Saura ƙasa. A Ingila ba ka da taƙi ɗaya da za ka ce naka ne, maƙabarta kuma sai da takardar likita, wa zai ba ƙoƙon kai takarda? Misis Barlo tana da ɗan lambu a bayan gari, gefen hanyar jirgi, inda take shuka kabejin da take azabtar da ni da shi. Na zauna na gaya mata gaskiya duka, ina jiran ta ce in tattara in bar mata gida. Ta ajiye saƙar da take yi. Ta ce, "Yana da uwa?" Na ce ya taɓa yi. Ta tashi ta ɗauko mabuɗin lambun ta ajiye a gabana, ta shige kicin ta rufe ƙofa.

Ranar Asabar da rana na sa shi cikin jakar littattafai, na wuce Mista Hobs yana cin burodinsa, har ya ce mini a huta lafiya. Lahadi da hantsi, mutane na coci, muka je. Sarja ya haƙa a kusurwa, ƙasa baƙa mai danƙo, ruwa na tsattsafowa. Na zazzage sauran geron da ya maƙale a ciki, na goge tawadar da ruwan ɗumi, ba ta fita duka ba. Na naɗe shi da rawanin Baba. Sarja ya gyara tsayuwa zai ɗaga hannu, na ce a'a, ba a sallatar abin da bai kai yawancin jiki ba, binnewa kawai ake yi.

"Ko sallar ma ba zai samu ba?"

"Haka na karanta."

"Kai, wannan bawan Allah ya ga rashi."

Muka kwantar da shi ta dama, fuska ga alƙibla ta gaskiya, muka jera 'yan katakai, muka tura ƙasa. Muka yi masa addu'a, mu biyu, jirgin ƙasa na wucewa yana watsa mana hayaƙi. Misis Barlo na tsaye can bakin shinge da baƙar hula. Da muka gama ta ce ba za ta ƙara shuka komai a kusurwar nan ba. Ranar na ci abinci har na nemi ƙari, na yi barci kamar an sauke mini dutse.

Ba a yi mako ba aka gane. Na so in yi shiru, ba zan ɓoye muku ba. Sai na ji za a sallami Mista Hobs, tsoho mai tari, a kan sakaci. Na hau sama na ce ni ne.

Mai Lofe bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Iliyasu, ni na kawo ka. Na sa sunana a kanka. Ka dawo da shi, in ce an same shi a wani kabad, magana ta mutu. Ka zauna jarrabawarka. Ƙasarku na bukatar irinka."

"Ranka ya daɗe, an binne shi."

"A tono shi."

"Ba a tone Musulmi."

"A ina yake?"

Na ƙi faɗa. Ya tambaya har ya gaji. Ya ce manya sun yarda ba za a kira 'yan sanda ba don kada sunan jami'a ya shiga jarida, amma karatuna ya ƙare, za a rubuta wa gwamnatinmu. Ya miƙo hannu, na sa masa mabuɗan. Wallahi a lokacin zuciyata fes take. Na ce takarda ce, na sayar da ita na sayi kabari, ban yi asara ba.

Sai ya ce in biyo shi, yana so in ga ɓarnar da na yi da idona. Muka sauka. Ya wuce kabad ɗina, ya je can ƙurya inda ba a ba ɗalibai mabuɗi, ya buɗe wani dogo mai ƙofa biyu, ya kunna fitila.

"Duba," in ji shi. "Tarin likitan nan ke nan. Cikakke ne, babu irinsa a ko'ina. Ɗaya na ciro maka, ka bar mana giɓi."

Jere suke, daga sama har ƙasa, kowanne da baƙar tawada a goshi. Gumel. Gagarawa. Maigatari. Maigatari. Mace, baliga. Ɗanzomo. A layin ƙasa akwai ƙanana, waɗanda ba su fi ƙoƙon shan fura ba. Ga gurbin nawa guda a tsakiya, da da'irarsa a cikin ƙura. Ban ƙirga su ba, idona ya ƙi. Na juya na dafa bango. Mai Lofe ya ɗauka nadama ce, ya dafa kafaɗata ya ce ya san ban yi da mugun nufi ba. Ya rufe kabad, ya murɗa mabuɗi, ya jefa a aljihu.

Sarja ya raka ni jirgi, shi ya ɗauki jakata, ya ce ba zai bar wani mai hula ya taɓa ta ba. Ban gaya masa abin da na gani ba, nasa sun ishe shi. Misis Barlo ta ce in tafi da kwat ɗin.

Kafin in iso labari ya riga ni: ɗan Liman ya yi sata a Ingila an koro shi. Wasu suka ce agogo, wasu suka ce matar Bature. Kujerar da aka yanka mini wani ya hau. Na koma alli da allo a wata 'yar makaranta ta wajen Sule Tankarkar, abokan wasa suka sa mini Malam Saura Ƙiris, sunan ya bi ni har jikokina sun san shi.

Ranar da na isa Ɗanzomo, bayan an watse, Baba ya kira ni zaure. Ya tsufa, idonsa ya fara hazo.

"Iliyasu, me ka ɗauka na mutane?"

Na buɗe baki zan faɗa. Na dube shi, mutumin da bai taɓa barin gawa ta wuni a garin nan ba, wanda in an tsinci baƙo a daji shi ke yanka likkafani daga nasa. In na gaya masa ya sani, in ya sani farillar binne su ta hau kansa, kuma ba shi da jirgi ba shi da mabuɗi. Zai ƙare kwanansa yana kallon kabad ɗin nan kamar yadda nake kallonsa.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ban ɗauki abin kowa ba. Karatun ne ya fi ƙarfina."

Ya ja carbinsa. Ya ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri." Bai ƙara tayar da maganar ba har ya koma ga Mahaliccinsa, yana ganin ɗansa ya je ya kasa. Wannan ya fi korar ciwo, kuma har yau bai daina ba.

Na rubuta wasiƙu bayan mun sami mulki, ba wadda aka amsa. Yanzu ni ma idona ya fara hazo, ba zan ƙara ganin teku ba, kuma na gaji da ɗaukarsu ni kaɗai. Suna can ƙarƙashin ƙasa amma ba a binne ba, mutanen Gumel da Gagarawa da Maigatari da Ɗanzomo, da 'ya'yansu a layin ƙasa. Ku yafe mini abin da na yi muku yanzu. Na hana Baba sani don ina tausayinsa. Ku kuwa, ga shi kun sani.